Girkin matan zumunta a bikin 'yata: gwate ya yi, shinkafa ta makara

Da aka sa ranar auren 'yata a Disamban bara, tunanin abinci ne ya hana ni barci. Mu 'yan cocin ECWA ne, ango kuwa Birom ne ɗan Katolika daga wajen Bukuru, kuma dangin maigidana sun fara gunaguni tun ba a ɗora tukunya ba.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wasu mata takwas masu girkin biki a unguwarmu nan Jos. Ba su da shago, tukwanensu a bayan gidan shugabarsu, Uwar Zumunta, suke kife. Uku 'yan ECWA, ɗaya 'yar cocin COCIN, biyu 'yan Katolika, sai biyu na cocin EYN da suka gudo daga Michika a 2014, lokacin da Boko Haram ta ci garin.

Ranar bikin da asuba na leƙa wurin murhu. Kafin su ɗora komai sai da suka tsaya addu'a. 'Yan Katolika suka yi alamar giciye, sauran suka sunkuyar da kai, ba wadda ta harari wata. 'Yar COCIN ta ja addu'ar har itacen ya kusa zama toka, kuma ina zargin nan shinkafarmu ta fara makara.

Gwaten acha dai ba magana. Yakuwa da gauta sun ji daidai, surukata ta ci kwano biyu tana tambayar wa ya dafa. Masar 'yan Michika ta tashi, ba tsami, kunun gyaɗarsu kuwa ya ƙare kafin a yanka kek. Amma dafa-dukar sai da aka taso daga coci da kusan awa ɗaya ta iso, gishiri ya ɗan yi yawa, nama kuma sai ka tona.

Inda suka saye ni shi ne da kawunnan ango suka tambayi burukutu. Gabana ya faɗi, don dattawan cocinmu na zaune a teburin gaba. Uwar Zumunta ta rusuna ta ce, "Baba, tukunyarmu ba ta dafa wannan, amma ga kunu da zafinsa." Ɗaya daga cikin 'yan Katolikan ta zauna kusa da su, ta yi ta zolayarsu da Birom har suka manta da zancen.

Kuɗina bai cika ba ranar. Na fara kame-kame, Uwar Zumunta ta ce, "'Yar'uwa, ki kawo ƙarshen Janairu." Da na kai, a gabana suka ware kashi guda suka aika wa ɗayarsu da mijinta ke kwance a asibiti, alhali ko cokali ba ta ɗaga ba a bikin.

Mai son ɗaukarsu ya yi magana da wuri, Disambansu cike yake. Ya kuma roƙe su a ɗora shinkafa kafin a fara addu'a.