Wane Nanotub Ya Kamata Mai Bincike a Sakkwato Ya Saya?

Ɗaliban da ke bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sukan tambaye ni irin nanotub na kabon (bututun kabon masu sirantar da ido ba ya iya ganin ɗayansu) da ya kamata su yi oda, kuma amsata ɗaya ce kullum: a sayi mai bango da yawa (wato bututu cikin bututu), wanda aka riga aka gyara jikinsa da asid.

Waɗannan siraran bututu, da Sumio Iijima na ƙasar Japan ya bayyana a 1991, ba sa jituwa da ruwa matuƙar ba a taɓa su ba, sai dai su dunƙule su kwanta a gindin kwalba. Amma idan aka dafa su cikin asid ɗin salfurik kashi 3 da naitirik kashi 1, rukunin COOH, wani sinadari mai jituwa da ruwa, yakan manne a jikinsu, daga nan su baje cikin ruwa, su kama jikin roba ko siminti, su kuma tsamo dalma daga gurɓataccen ruwa. Duk wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai raina wannan amfani ba. Aibinsu dai, asid yana gutsuttsura bututun, yana kuma rage musu ƙarfin ɗaukar lantarki.

Mai bango ɗaya tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi. Wanda aka lulluɓe da sinadarin sabulu kuwa, wanki yana iya raba shi da rigarsa.

Inda na fi jan kunne shi ne wajen algus. Na taɓa biyan wani dillali kuɗin da na daɗe ina tarawa, na yi watanni ina jira, ashe baƙin gari ya aiko mini, akasarinsa ƙullin kabon irin na taya. Ido ba ya rarrabewa, domin duka baƙaƙe ne wuluk. Saboda haka kada a biya ko sisi sai mai kaya ya nuna hoton madubin elektaron da sakamakon gwajin Raman (gwajin gane tsarin abu da hasken leza) na ainihin kayan da zai aiko, inda a zanen sakamakon, tudun da ake kira D, wajen 1350, yakan ƙaru in an kwatanta shi da tudun da ake kira G, wajen 1580, idan an yi gyaran asid ɗin da gaske. A kuma tambayi yawan ƙarfe, kobalt ko nikel da ya rage a ciki tun wajen ƙera su.

Idan kaya sun iso, a sa takunkumi da safar hannu, a rufe tagogi saboda iskar hunturu, sannan a kaɗa ɗan kaɗan cikin ruwa a bar shi ya kwana. In aka wayi gari ruwan ya washe, garin ya kwanta, a mayar wa mai shi kayansa.