Littattafan Yara a Ingila: Inda Suka Fi Namu da Abin da Babu a Cikinsu

'Yan uwa na gida, masu aiko saƙo a sayo wa yara littafi daga Ingila, da masu tambayar me za su sako a jakar wanda zai taho, ga bayanin yadda kasuwar take. A jikin littafi da hidimar da ke kewaye da shi, mutanen nan sun yi mana nisa. Amma a abin da littafin ke faɗa wa ɗan Bahaushe game da asalinsa da gidansu da addininsa, akwai giɓi babba, kuma daga gida ne kawai za a cike shi.

Hidimar da ta fi kowace amfani ita ce laburare. Dokar 1964 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da shi, kuma aron littafi kyauta ne. Ko jariri ana buɗe masa kati. Galibi mako 3 ake ba da aro, ana sabuntawa ta intanet, in kuma littafin yana wani reshe sai a nema a kawo shi. Wurare da yawa ba sa cin yara tara idan sun makara. Akwai shirin Bookstart da aka fara a Birmingham a 1992, wanda ke ba jarirai littafi kyauta, sau da yawa ta hannun ma'aikatan lafiya masu zagayen duba masu jego. Alhamis ta farko a watan Maris makarantu na raba wa yara takardar fam 1 ta karɓar littafi, a dogon hutu kuma laburare na sa su gasar karanta littafi 6. Ba a ɗora harajin VAT kan littafin takarda. Gaskiya ne an rufe rassa da dama tun 2010, an rage wa wasu lokutan aiki, amma abin da ya rage ma ya isa yaro ya tashi da littafin da ba na jarrabawa ba, alhali a gida yawancin yara littafin aji kawai suka sani, wanda ake saya farkon zango.

Kowane shekaru da irin nasu littafin. Daga haihuwa zuwa shekara 3 na kwali ne mai kauri, gefensa a dakushe, yaro ya tauna ya jefar bai yage ba. Daga 3 zuwa 6 mai hotuna ne, kusan kullum shafi 32, saboda ana buga shafukan a babbar takarda a naɗe ta takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Daga 8 zuwa 12 labari ne mai babi-babi, daga 13 kuma na matasa. Mai hotuna mai bango laushi yana kai wa fam 7 zuwa 8, mai bango tauri 12 zuwa 13, amma a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ana samun mai kyau a fam 1 ko ƙasa.

Abin da ke sa nasu ya daɗe shi ne takarda da ɗinki. Takardar littafin hotuna tana da kauri da santsi, tawada ba ta ratsawa ta bayyana a bayan shafi kamar yadda take yi a siririyar takardar jarida da ake buga yawancin namu. Wanda zai saya don aikawa gida ya buɗe tsakiyar littafin ya duba. In ya ga zare, ɗinkakke ne, zai jure hannun yara goma. In gam ne kawai, zafin bazara da bushewar hunturu za su fasa shi, shafuka su riƙa zubewa. In 'yar waya biyu ce ta ɗanne tsakiya, laimar damina za ta sa ta yi tsatsa ta cinye takardar. A kuma lura da nauyi: mai bango laushi kamar giram 200 ne, mai tauri ya ninka haka, don haka 40 masu laushi sun cinye kusan kilo 8 daga kilo 23 na jakar jirgi.

Matsalar tana cikin labarin. Wata cibiyar koyar da karatu a Landan, CLPE, ta bincika littattafan yara da aka buga a 2017, ta samu kashi 4 cikin 100 ne kawai ke da wani ɗan ƙabilun da ba Turawa ba, kashi 1 ne kuma shi ne jigon labarin. An samu ƙari bayan nan, sai dai idan ka ɗauki waɗanda aka ce na Afirka ne, ko dai namun daji za ka gani, ko Legas da sunayen Yarbawa da Ibo da dafa-duka. Suna da kyau, kuma kamfanin Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006, ya buɗe ofis a Landan a 2016, ya taimaka wajen kawo irinsu. Amma ba za ka ga hawan Sallah ba, ba tashe, ba ƙunshi, ba kakar da ke tsokanar jikanta tana kiransa mijinta, ba 'yar fari da uwa ke kunyar ambatar sunanta. Littattafai masu harshe biyu kuwa cike suke a laburare da Urdu da Bengali da Larabci da Somaliyanci da harshen Folan, na Hausa sai an sha wahala kafin a ga ɗaya.

Na addini suna da yawa kuma an ƙawata su. Kamfanin Kube da ke Markfield kusa da Lesta ya daɗe yana buga na yara Musulmi: azumin farko, ranar Idi, tarihin annabawa ba tare da zana su ba, addu'ar barci da ta cin abinci. Wasu masu zane ma ba sa yi wa mutane fuska don iyayen da ke ƙin hoto. Sai dai mafi yawan Musulmin ƙasar nan asalinsu Pakistan da Bangaladash da Indiya ne, littattafan kuma nasu gidan suke nunawa, daga sutura da abinci har sunan da ake kiran uwa da kaka. Wannan ba laifi ba ne, amma akwai wurare biyu da yake rikita yaro, kuma masu saye ba su cika lura ba.

Na farko fiƙihu. Da yawa daga cikin littattafan koyon alwala da salla a nan bisa mazhabar Hanafiyya suke. Yaron da malaminsa ke biya masa Ahalari da Ishmawi zai ga bambanci a wurin ajiye hannu, da gwargwadon shafar kai da ya wajaba, da sujadar rafkanuwa, wadda mu muka sani da ƙabli da ba'adi su kuwa bayan sallama suke yi. Na biyu rubutu. Makarantun allo da ruwayar Warshu suke karatu, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Littattafan koyon baƙi na nan na Hafsu ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaron da ke babbaƙu a allo, in ka miƙa masa irin wannan, zai karanta fa a matsayin ƙaf. Ga wanda ke Islamiyya mai bin Hafsu babu damuwa. A tambayi malamin yaro tukuna kafin a kashe kuɗi. Iyalai Kirista masu jin Hausa su ma haka abin yake gare su: labaran Littafi Mai Tsarki na yara masu hotuna suna nan birjik, amma da Turanci.

Irin wannan tarkon yana cikin littattafan koyon karatun Turanci ta sautin baƙaƙe, waɗanda ake yawan roƙo a aika. Suna koya wa yaro cewa c sautin k take bayarwa, alhali a aji ɗaya na firamare ana koya masa ca, ce, ci. A bari ya zauna da karatun Hausa kafin a haɗa masa.

Na matasa su suka fi buƙatar idon iyaye. Fim yana da hukumar da ke sa masa shekaru, littafi ba shi da ita, abin da kamfani ya rubuta a bango shawara ce kawai. Ganin yarinya da hijabi a bango ba ya nufin babu soyayya mai zurfi ko shaye-shaye a ciki. Akwai masu kyau ƙwarai da ke taɓa abin da yaranmu ke fuskanta a makaranta: tsangwama saboda suna ko ɗankwali, azumi ranar wasan motsa jiki, kunyar yin harshen gida gaban abokai. Abin da ke damuna da wasunsu shi ne kullum iyaye ne katangar da yaro zai tsallake kafin ya samu kansa, kuma an rubuta su ne don a yi wa wanda ba Musulmi ba bayani. Uwa ko uba su karanta babi uku na farko da ɗaya a tsakiya, sannan su zauna a yi hirar littafin da yaron. Hana shi kawai ba ya aiki, don da katinsa na laburare zai aro.

Wanda ke son na Hausa mai hotuna ba tare da jira ba, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labarai kyauta da lasisin da ya yarda a buga. A buga gaba da baya a takarda mai ɗan kauri, a naɗe biyu, a ɗinke da zare. A duba baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kafin a buga da yawa, domin ƙirar rubutu da dama ba su da su, sai su fito a matsayin akwati ko su koma b da d da k, ƙafa ta zama kafa. Ƙirar Andika kyauta ce, an yi ta don masu koyon karatu, kuma tana da su duka.

Daga gida kuwa, mai tahowa ya sako Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka ukun, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da Ka Koyi Karatu don ƙanana, da Ahalari mai fassarar Hausa. A nemi bugu na asali, don na satar fasaha rubutunsa a dushe yake, wani lokaci da shafukan da suka ɓace. Yaran da aka haifa a nan ba za su iya karanta su da kansu da farko ba, babba ne zai karanta musu da dare, shafi biyu ko uku. Idan kaka tana da waya, a sa ta ɗauki tatsuniyar da muryarta ta turo ta WhatsApp, yaro ya riƙa bin littafin da yatsa yana saurare.