Gargaɗi ga masu ƙananan taraktocin lantarki: an cuce ni ₦68,000 a kan kwanbata

Na yi kwana tara ina shawara da zuciyata ko in rubuta wannan ko in yi shiru, domin akwai kunya a ce mutumin da ya shekara 14 yana haɗa wa jama'a sola shi ne wani yaro ya sayar wa kwanbatar bogi, wato na'urar sauke ƙarfin wutar batir, a cikin garin Kano. Amma ₦68,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma asarar ba ta tsaya nan ba.

Ina da ƙaramar tarakta mai batir da nake aiki da ita a lambuna na wajen Kwakwaci. Batir huɗu ne masu bolt 12 a jere, wato bolt 48, alhali fitilun da na sa mata da famfon feshi duk bolt 12 suke buƙata, don haka dole a sami na'urar da za ta sauke ƙarfin wutar. Na yi lissafina tun kafin in nemi kowa: fitilu biyu da famfon ba su wuce amfiya 10 ba, amma da yake famfo yana fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, sai na nemi mai amfiya 30 don a sami rara. Na kuma san cewa batiran sukan kai bolt 57 ko 58 idan suna kan caji, shi ya sa na ce sai wadda ke ɗaukar har bolt 72. Duk wanda ya ce da ka na sayi kayan nan bai yi mini adalci ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da yaron da ya sayar mini ya yi mini a waya. Ban tambaye shi ba, shi da kansa ya ce, “Baba, don Allah kada ka ja wutar fitilu daga batir ɗaya, zai riga sauran mutuwa ya lalata maka jerin gaba ɗaya.” Wannan gaskiya ce tsantsa, ni ma haka nake gaya wa yarana a wurin aiki, kuma a nan na saki jiki da shi. Ya ce, “Amana ce tsakanina da kai, Baba.” Na tura masa ₦68,000 na guda biyu, ₦34,000 kowace ɗaya, ban ko nemi ragi ba saboda wannan kalma ta amana.

Ranar da na ɗaura ta farko ba a yi minti biyar ba na ji ƙauri, fitilun suka yi wani irin haske suka mutu, famfon ya yi hayaƙi. Kafin nan, ya kamata in faɗa, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp yana gwada ta da mita tana nuna bolt 12.4, sai daga baya na lura cewa bidiyon bai nuna wutar da ke shiga ba, kuma babu komai a jone da ita. Tun farko ma a Facebook na ga tallarsa, ya ce shagonsa yana Sabon Gari, amma da na ce zan zo sai ya ce yana hanyar Legas, ɗan adaidaita sahu ne ya kawo mini kayan har gida. Da na je layin da ya kwatanta, babu wanda ya san shi.

Ta biyun na kai wa wani mai gyara, muka fasa ta a gabana. Gidan ƙarfe ne mai kyau, an rubuta amfiya 30 a jiki, amma a ciki ɗan allo ne da bai kai kwalin ashana ba, mai ɗauke da ɗan guntun lantarki da ake kira LM2596, wanda iyakarsa amfiya 3 ne kuma ba ya ɗaukar fiye da bolt 40. Sauran wurin an cike shi da guntun ƙarfe da baƙin gam don ya yi nauyi a hannu. Irin wannan ba ta raba ɓangaren shiga da na fita, shi ya sa da ta ƙone sai bolt 48 ɗin ya wuce kai tsaye cikin kayan bolt 12. Famfon da fitilun sun ci mini ₦41,000, ga ₦68,000 da na tura wa yaron da hannuna, ga feshin da ban yi a kan lokaci ba har tsutsa ta shiga kabejina.

Ina da hoton hirarmu, da shaidar tura kuɗin, da hoton cikin kwanbatar, zan sa su da zarar na rufe sunan mai asusun, domin ina zargin ba nasa ba ne. Kada ku biya sai an gwada a gabanku da batir mai bolt 48 da kaya a jone, kuma ku sa fiyus. Yaron ya toshe lambata tun ranar da na tura masa hoton famfon, amma tallar tasa tana nan, jiya ma na gan ta da wani sabon suna.