Hoton ƙoda na nukiliya da anka yi ma ɗiyata

Ɗiyata shekararta 4, tun bara take fama da ciwon fitsari, zazzaɓi ya tafi ya dawo, har likitan yara nan Gusau ya ce sikanin da munka saba bai isa ba, sai an yi mata wani hoto mai suna DMSA a ga ko ciwon ya bar tabo ga ƙoda. Ya rubuta muna takarda zuwa wani asibiti a Abuja. Da Inna ta ji sunan sashen wai nukiliya sai ta aje carbi ta ce to bam za a sa ma yarinya?

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Mun bi Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna, kun dai san hanyar da addu'ar da ake yi a kanta, munka isa ranar da anka ba mu sai anka ce maganin bai iso ba. Kwana uku muna rakuɓe gidan wani abokina. Daga baya na gane ba ƙeta ba ce, sinadarin da ake allurar da shi, teknishiyam, duk awa 6 rabin ƙarfinshi ke tafiya, ba a aje shi kamar farasitamol, kuma tukunyar da ake tatso shi daga cikinta, daga ƙasar waje ake kawo ta. To amma don Allah kiran waya ɗaya fa? Lambata na nan jikin kati.

Ma'aikatan kam ba ni da ta cewa sai godiya. Wata nas mai jin Hausa ta zaunar da ni ta ce "Baban yarinya kwantar da hankalinka, ba ya zafi, ba ya sa maye, kuma da fitsari yake fita." Ta tambaya ko akwai mai juna biyu cikinmu, na ce uwar ce kuma ta tsaya gida, da ƙanwata munka zo, ta ce hakan ya fi. Babu wani azumi, yarinya ta sha kokonta da safe. Allurar jijiya ce kaɗai ta sa ta kuka, sannan anka ce mu jira kamar awa uku ƙoda ta ja maganin, a yi ta ba ta ruwa.

Injin hoton shi kanshi ba ya fitar da hasken nukiliya, shi dai ɗauko wanda maganin ke fitarwa daga jikinta yake. Wahalar ita ce yaro ya kwanta kusan rabin awa ba motsi. Ɗan shekara huɗu! Saurayin da ke kan injin ya ce mata gasar gunki za su yi shi da ita, ya bar gwaggonta ta riƙe mata ƙafa tana ba ta tatsuniyar Gizo, ko maganin barci ba a kai ga ba ta ba.

Likita ta nuna min ƙodojin biyu a kwamfuta, ta ce a lafiyayye kowace na ɗaukar kashi 45 zuwa 55 na aikin, ta hagun ɗiyata ta ɗan yi ƙasa kuma ga ƙaramin tabo daga sama, za a riƙa bin hawan jininta da fitsarin. Ta ce ranar mu wanke hannu sosai in mun kai ta bayi.

Wurin jira ba abin wasan yara ko ɗaya, ku zo da naku da caja. Kuma kafin ku shiga mota a tasha ku kira sashen ku ji maganin ya sauka.