Bakaniken da ya shirya mana mota kafin tafiyar Agadas: inji lafiya lau, AC kuwa sai haƙuri

Masu tambaya wa ya duba mana tsohuwar Hilux ɗin nan kafin mu kama hanyar Agadas a tsakiyar bazara, toh wani dattijo ne a tsohuwar Panteka nan Kaduna, ba zan sa sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba. Gaskiya in dai maganar inji ce da birki da taya, mutumin nan ya san aikinsa, kuma yana da taurin kai irin wanda ake so bakanike ya yi.

Da na ce masa Abzin za mu, wato yankin Agadas, bai ma buɗe bonet ba sai da ya gama yi min tambayoyi, ta ina za ku bi, kwalta kaɗai ko za ku sauka, mutum nawa, kaya fa. Na ce Zariya, Kano, Daura, mu tsallaka ta Kongolam zuwa Damagaram, daga nan Tanut har Agadas, in hali ya yi mu shiga tsaunuka wajen Timiya. Ya ce Alhaji ai wannan ba sabis ɗin juye baƙin mai ba ne, ka bar min motar.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar tamostat, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Kun san yadda yawancin bakanikenmu suke, mota na fara obahitin sai su cire shi su jefar su haɗa fanka dairek su ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Abokin tafiyata ma abin da ya nema kenan, Oga bakaniken ya ce shi ba zai cire ba ko za mu ɗauke motar mu kai wani wuri, in ya lalace a sa sabo, in lafiyarsa ƙalau a bar shi ya yi aikinsa. Ya ciro shi ya jefa cikin ruwan zafi a gabanmu muka ga ya buɗe, ya mayar. Sannan ya sauke lagireto aka wanke, abin da ya fito daga ciki wallahi kamar kunun kanwa, tsatsa ce zalla ta shekarun da aka yi ana ɗura mata ruwan famfo da fiya wata. Ya zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, ya canza murfin lagireton, ya ce murfin nan da mutane ke rainawa shi ke riƙe matsi a ciki, ruwan da ke tafasa a digiri 100 a tukunya ba ya tafasa a nan sai ya wuce haka sosai, amma in robar murfin ta mutu shikenan, kuma in ka hau tudu ruwa ya fi saurin tafasa.

Tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne, a watan Mayu zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar, wani wurin kwalta mai kyau wani wurin ramuka da yashi ya rufe hanya sai ka bi sawun manyan motoci, gari kuma nesa da gari, daga Tanut zuwa Adarbisinat ido ba ya ganin komai sai ƙaya da raƙuma. Duk tsawon nan allurar zafi ba ta gota tsakiya ba. Mun wuce motoci a gefen hanya bonet a ɗage ana jiran inji ya huce, mu dai tsayawarmu ta salla ce da shayi da shingen jami'an tsaro.

Taya ma ya tsaya a kai. Namu a ido da sauran zane a jikinsu, amma ya nuna min lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko makon da aka ƙera ta ne biyun ƙarshe shekara, ya ce biyu daga ciki sun tsufa, robar ta bushe, kan kwalta mai zafi da lodi irin su ne ke fashewa. Bai sayar mana da taya ba balle a ce riba yake nema, cewa ya yi mu je mu sayo da kanmu mu duba lambar, mu ƙara safaya ta biyu, da famfon iska mai aiki da batir ɗin mota. Famfon nan ya biya kuɗinsa, don a cikin yashi dole ka rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iskar taya taya ta baje, in ka fito kan duwatsu kuma dole ka mayar ko dutse ya yanka maka gefe, kuma babu mai faci a can.

Hanyar Timiya ita ce jarabawar gaske, sama da kilomita 200 daga Agadas, kuma ba a shigarta haka kawai sai da ɗan jagora da sanin hukuma. Baƙaƙen duwatsu, busassun ƙoramu cike da rairayi, hawa da gangara, can nesa tsaunin Bagzan wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, sai kuma kwatsam ka faɗo cikin lambunan dabino da lemo da rumman. A nan na gode wa Oga kan man birki, don ya juye tsohon gaba ɗaya, ya ce man birki yana shan danshi in ya daɗe, a doguwar gangara sai ya tafasa ka taka ka ji fanko. Ya kuma ja kunnen direbanmu, yaro ka sauka da giya kar ka kwanta kan birki. Matatar iskar inji, wato iya kilina, guda ya ƙara mana a leda, ƙurar can kuwa ta sa sai da muka yi amfani da ita a dawowa.

Yanzu inda ya ɓata min rai. AC ba shi yake yi ba, wani yaro ya kira daga layin baya ya ɗura gas ya ce an gama, sanyi kamar gaske a Kaduna, amma kafin mu kai Tanut iska mai ɗumi ce kawai ke fitowa, ashe akwai yoyo a wani fayif bai duba ba. Haka muka shiga Agadas gilas a sauke, rawani a fuska, har hasumiyar masallacin nan mai mita 27 da aka fara ginawa tun wajen 1515 da idanu cike da ƙura muka fara hango ta. Tunda ta hannunsa aka biya kuɗin, a ganina alhakin yana wuyansa. Ga saɓa alkawari, ranar da ya ce a zo ba ita aka karɓi mota ba, waya kuma sai ka yi ta kira ba ya ɗagawa, wurin zama benci ɗaya ne duk maiƙo, rasit babu sai lissafi a bayan kwalin fulog. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na maƙwabtansa.

Da muka dawo na kai masa ƙorafin AC bai yi musu ba, ya kira yaron ya sa ya canza fayif ɗin ba tare da kuɗin aiki ba, gas dai ni na sake saya. In za ka kai masa mota don doguwar tafiya irin wannan ka kai da sauran lokaci a hannunka, ka sayo kulan da man birki da kanka, AC kuma ka kai wa masu shi daban ka ce su gwada yoyo kafin su ɗura gas.