Wane faifan The Temptations ya kamata ka fara saya?

Kafin ka zaro kuɗi, ka sani cewa ƙungiyar mawaƙan The Temptations suna ɗaya ce da shi amma zamani biyu gare su, kuma wanda ya so na farko ba lallai ya so na biyun ba.

A birnin Detroit na Amurka suka haɗu, kamfanin Motown na Berry Gordy ya ɗauke su a 1961. Sun ɗan sha wuya kafin su karɓu, sai a 1964, shekarar da David Ruffin ya shigo, tauraruwarsu ta fara haskawa. Su biyar ne: Ruffin mai murya da ɗan kaushi, Eddie Kendricks mai siririyar murya, Melvin Franklin mai kauri kamar daga cikin rijiya, sai Paul Williams da Otis Williams. Ba tsarin mawaƙi ɗaya da 'yan amshinsa ba ne, kusan kowa yana iya jan baiti. Ga kwat iri ɗaya, ga taku iri ɗaya a dandamali wanda mai koyar da rawa Cholly Atkins ya goge musu, abin da ƙungiyoyin samari mawaƙa suka yi ta kwaikwayo bayansu.

In muryoyin nan kake nema, nemi The Temptations Sing Smokey na 1965. A ciki "My Girl" take, waƙar da Smokey Robinson da Ronald White suka rubuta, wadda ta zama ta ɗaya a Amurka a shekarar. Waƙoƙin gajeru ne, na soyayya, kiɗan ba ya danne murya. Ni wannan nake fara miƙa wa kowa, domin a nan ake jin yadda mutum biyar ke saƙa murya kamar tabarma, ba ka gane inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka.

Zamani na biyu ya fara a 1968, da aka sallami Ruffin aka kawo Dennis Edwards, shi kuma mai shirya musu waƙa Norman Whitfield ya sauya musu kiɗa: jita mai kuka, ganga mai nauyi, zance kuma ya koma kan talauci da rikicin zamani. Waƙar "Cloud Nine" ce ta kawo wa Motown lambar Grammy ta farko. Amma faifan da ya cancanci kuɗinka a nan shi ne All Directions na 1972, saboda "Papa Was a Rollin' Stone". A faifan ta kai kusan minti 12, wadda aka gutsure wa gidajen rediyo kuwa kusan minti 7 ce. Sai dai ka shirya haƙuri, kiɗa kan yi nisa kafin a buɗe baki, kuma ba za ka ji Kendricks ba, ya bar su tun 1971.

Mai son ɗanɗana zamanin biyu a lokaci ɗaya, Anthology na 1973 ya ishe shi. Emperors of Soul na 1994, faifan sidi biyar, na wanda ya riga ya kamu ne, ba na sabon shiga ba.

Batun garmaho ko sidi, aljihunka da injinka ne za su yanke. In tsohon faifan garmaho ne na gwanjo, ɗaga shi a haske ka duba karce, ka kuma sa a ɗora masa allura kafin ka biya. Abin da ya fi damuna shi ne tarin waƙoƙi masu arha da ake sake rerawa daga baya da wasu muryoyi, a manna tsohon hoto a bango. Juya bayan kwalin ka nemi tambarin Motown ko Gordy, ka kuma duba shekarar da aka ɗauki kowace waƙa. In "My Girl" ce, 1964 za ka gani.