Gidan kifaye na Lisbon: sharhi ga mai niyyar zuwa

Oceanário de Lisboa yana gabashin birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, a unguwar Parque das Nações, daidai bakin Kogin Tejo inda ya buɗe ya yi faɗi kafin ya faɗa Tekun Atilantika. An buɗe shi a 1998 lokacin baje kolin duniya na Expo 98, kuma Ba'amurke Peter Chermayeff ne ya zana ginin. A ganina ya cancanci kuɗin shiga da rabin yini, amma da sharaɗi guda: a shiga da niyyar zama. Mai sauri zai fito cikin minti 40 yana cewa ai kifi ne kawai.

Zuwa ba wuya. Jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka a tashar Oriente, tasha ta uku daga filin jirgin sama. Daga nan ka ratsa rukunin shagunan Vasco da Gama, ka fito bakin ruwa, ka yi dama. Tafiyar ƙafa ce ta minti 10 zuwa 15. Ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe, kuma ana daina karɓar masu shiga awa ɗaya kafin a rufe. Sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin layin wurin sayarwa kan yi tsawo a watannin Yuli da Agusta da ranakun ƙarshen mako. Ɗaliban makarantu sukan zo ayari-ayari da hantsi, don haka ko dai ka iso ana buɗe ƙofa, ko ka bari sai bayan la'asar.

Duk ginin a kan abu ɗaya aka gina shi: babban tanki a tsakiya mai ɗaukar ruwan gishiri kusan lita miliyan 5, zurfinsa mita 7. A kusurwoyi huɗu da ke kewaye da shi an kwaikwayi yankuna huɗu na teku, wato duwatsun gaɓar Arewacin Atilantika, da yankin sanyi na Antatika, da gaɓar Fasifik mai dogayen ciyayin ruwa, da Tekun Indiya mai ɗumi da murjani. Ruwan kowane yanki daban yake da na babban tanki, domin zafinsu ba ɗaya ba ne. Bangon akirilik ne ya raba su, wata roba mai kauri garai-garai, kuma an ɓoye gefensa a cikin duwatsun da aka ƙera. Shi ya sa idan ka leƙa ta tagar ƙasa za ka ga kamar tsuntsun fengwin da kifin shak a ruwa ɗaya suke iyo. Wannan dabara ita ce ta fi burge ni a gidan, domin ba a buƙatar allon bayani kafin mutum ya gane cewa tekunan duniya a haɗe suke.

Hanyar zagaye ɗaya ce. Gada mai hawa za ta kai ka bene na sama, inda ake ganin rayuwar da ke saman ruwa, sannan ka sauko ƙasa ka sake zagaya wuraren nan huɗu, amma wannan karon ta ƙarƙashin ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cunkushewa a tagar farko. Kowa yana tsammanin ita kaɗai ce, alhali tankin yana da tagogi da yawa a benaye biyun, kuma na ƙasa sun fi kyau. A can ne za ka sami wurin zama a gaban taga. Zauna minti 10 a wuri ɗaya. Manyan kifayen kewaye suke yi, duk wanda ya wuce zai dawo.

Akwai kifayen shak masu haƙora a waje ko da bakinsu a rufe yake, suna tafiya a hankali ba sa ko kula ƙananan da ke gabansu. Dalili shi ne ana ciyar da su a kan tsari, ba sa jin yunwar da za ta sa su wahalar farauta. Akwai kuma kifaye masu faɗi kamar faifai, waɗanda idan suka manna cikinsu da taga za ka ga baki da ramukan numfashi a ƙasan jikinsu. Kifin da aka fi sanin gidan da shi shi ne mola, wanda ba shi da wutsiya irin ta sauran kifaye, yana iyo ne da doguwar fiffike ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A teku babbansa kan wuce tan ɗaya, kuma gidajen kifaye kaɗan ne a duniya ke iya riƙe shi.

A yankin Fasifik, tsaya wajen karnukan ruwa. Za ka ga suna kwance rigingine suna ta murza gashin jikinsu da hannuwa. Ba wasa suke ba. Ba su da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, iskar da ke maƙale a cikin gashin ce ke kare su daga sanyi, idan gashin ya yi datti ruwa ya ratsa, dabbar tana iya mutuwa. Wannan ne kuma ya sa suke cin abinci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu kowace rana.

Maganar hoto, nan ake yawan ɓata rai. An hana filasha, kuma ko da ba a hana ba, hasken zai bugi akirilik ne ya dawo maka fari fat. Manna wayar a jikin tagar, ta fuskance ta kai tsaye. Idan ka karkata, kaurin robar da ruwan za su lanƙwasa haske, hoton ya fito dishi-dishi. Bidiyo ya fi hoto fitowa saboda duhun benen ƙasa. Sannan idan ka fito daga wuri mai sanyi ka shiga yankin Tekun Indiya mai laima, madubin kyamara da tabarau kan yi gumi. Kada ka yi ta gogewa, ba shi minti biyu zuwa uku zai washe da kansa.

Mai zuwa da yara ya riƙe hannunsu sosai a benen ƙasa, domin duhu da cunkoso sukan sa yaro ya ɓace wa ido nan da nan. A hana su buga taga, sauti yana tafiya da ƙarfi a cikin ruwa kuma yana firgita kifi. Ɗauki riga mai ɗan kauri saboda yankin Antatika. Keken jarirai da keken guragu suna shiga. Ware awa biyu zuwa biyu da rabi, kuma a ci abinci kafin a shiga. Wanda ke son ya sallaci Juma'a ya lissafa lokacinsa da kyau, domin Babban Masallacin Lisbon yana can kusa da São Sebastião, ɗaya ƙarshen jan layin.